Rahoton Ayyukan Shekara: Kula da Masu Cutar Niyurofaibromatosis daga Yarinta zuwa Girma

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi, iyaye da masu ɗauke da wannan lalura.

A bana kwamitin gudanarwa ya karkatar da mafi yawan ƙarfinsa ga abu guda: mai wannan cuta ya riƙa ganin likitoci da yawa ba tare da bayaninsa ya warwatse a tsakaninsu ba. Niyurofaibromatosis cuta ce mai fito da ƙari a kan jijiyoyi. Nau'inta na farko, wato NF1, wanda ake samu a kusan mutum 1 cikin 3,000, yana tasowa ne daga canji a wata ƙwayar gado da ke kan kromosom na 17 (ɗaya daga cikin zaruruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a jiki), kuma yana iya taɓa fata, ido, ƙashi, jijiyoyi, hawan jini, har da karatun yaro. Kowane ɓangare da likitansa. Kukan da iyaye suka fi yi a tarukanmu shi ne likitan ido bai san abin da likitan ƙashi ya gani ba, uwa kuma ita ke maimaita tarihin ɗanta daga farko a kowane ɗaki da ta shiga.

Dalili ke nan muka buga littafin bibiya, ƙarami mai shiga jaka, muka raba wa membobi. A ciki akwai zanen jikin mutum gaba da baya, inda likita zai sa alama a kan kowane ƙari ya rubuta girmansa da ranar da ya auna. Akwai shafin hawan jini, da na tsayi da girman kai, da wurin rubuta ranar hoton MRI (hoton cikin jiki) na ƙarshe da inda aka ajiye shi. Shafin da muka fi nanata wa iyaye shi ne na ido. Kusan kashi 15 cikin 100 na yara masu NF1 suna samun ƙari a kan jijiyar gani, yawanci kafin su cika shekara 7. Ɗan shekara huɗu ba zai ce wa uwarsa ido ɗaya ya dushe ba. Sai dai ta ga yana kusantar da fuska ga littafi, ko yana yawan karo da kaya ta gefe guda. Don haka awon ido duk shekara ba abin ɗagawa ba ne, ko da yaro yana wasansa garau.

Mun kuma shirya wasiƙa da iyaye za su kai wa malamai, domin kusan rabin yaran nan suna fama da wahalar koyo ko tara hankali, a makaranta kuwa sau da yawa ana ɗaukar haka a matsayin lalaci.

Inda aikin ya fi nauyi shi ne wajen manya. Muddin yaro yana hannun likitan yara, akwai mai haɗa kan sauran. Da zarar ya wuce shekarun, sai a sallame shi, ya rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa, alhali a lokacin ne wasu haɗurran ke ƙaruwa. Tsakanin kashi 8 zuwa 13 cikin 100 na masu NF1 suna samun sankarar kuben jijiya, wato rufin da ke lulluɓe da ita, a tsawon rayuwarsu. A zaman da muka yi da matasa, likitocin da muka gayyato sun tsaya kan alamomin da ba a jira da su: ƙari ya fara girma da sauri, ko ya yi tauri, ko ya kawo zafi mai hana barci, ko hannu ko ƙafa su fara mutuwa. Mata kuma haɗarin sankarar mama ya fi yawa gare su kafin shekara 50, shi ya sa ake fara duba su da wuri. Hawan jini a matashi mai NF1 ba a wuce shi da ƙwaya kawai. Ana binciken jijiyar jinin ƙoda da wani ƙari da ke fitowa a saman ƙoda. Ra'ayin kwamiti shi ne kada a sallami matashi sai an rubuta sunan likitan manya da zai karɓe shi, kuma wannan buƙatar ce muka gabatar wa asibitocin da muke hulɗa da su. Wasu sun amsa, wasu muna jira.

Zaman masu shirin aure ya cika maƙil. An bayyana cewa kowane ciki yana da yiwuwar kashi 50 cikin 100 na gadon cutar idan ɗaya daga cikin iyaye yana da ita, sannan kusan rabin masu ita ba su gaje ta daga kowa ba. Wannan bayani na biyu ya kashe zargi a gidaje da dama.

An yi ta tambayarmu kan sababbin magunguna. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da selumetinib a 2020 ga yara daga shekara 2 masu babban ƙarin jijiya da tiyata ba za ta iya cirewa ba, sannan ta amince da mirdametinib a 2025 ga yara da manya. Suna rage girman ƙari ga wasu, ba sa warkar da cutar, kuma mai shan su yana buƙatar awon zuciya da na ido a kai a kai. Wato sun ƙara yawan likitocin da dole su ji daga juna.

Ranar 17 ga Mayu, ranar wayar da kai ta duniya kan cutar, mun yi ta da lacca da rabon takardun bayani, musamman kan cewa ba a ɗaukar ta ta hanyar cuɗanya.

Membobinmu masu NF2, nau'i na biyu na cutar, wanda ke kawo ƙari a jijiyar ji ta kunne biyu, sun nemi a riƙa rubuta jawaban taro a allo saboda masu raunin ji. Za a fara daga babban taro mai zuwa, inda ma'aji zai karanta bayanin kuɗi. Wanda bai karɓi littafin bibiya ba ya sanar da sakatare kafin ranar.

Kwamitin Gudanarwa