Dariyar da aka yi wa mai kiran waya a shirin lafiya na ranar Alhamis

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na daɗe ina sauraron tasharku daga nan Agege ban taɓa ɗaukar alƙalami ba, amma abin da aka yi wa bawan Allahn nan da ya bugo waya a shirin lafiya na ranar Alhamis ya hana ni yin shiru. Mutum ya daure, ya ajiye kunya, ya faɗa wa duniya cewa ya yi jinyar taɓin hankali ya samu lafiya, kuma yanzu yana raka wasu marasa lafiya asibiti yana taya su neman ɗakin kwana, sai mai gabatar da shirin ya yi dariya ya ce ai mahaukaci ba ya warkewa sai dai rangwame, ya ƙara da cewa makaho ba ya jan makaho, sannan aka katse layin aka shiga talla. Mu bakwai ne muke zaune a kan benci ɗaya muna sauraro a daren, huɗu daga cikinmu suna shan maganin wannan ciwo, kuma babu wanda ya iya ɗaga kai ya dubi ɗan'uwansa.

Ni ma ina cikin huɗun nan, kuma ban ɓoye ba. Ɗan acaba ne ni har zuwa watan Yunin 2022, lokacin da gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida, aka kama babur ɗin da ko gama biyan kuɗinsa ban yi ba. Daga nan barci ya ƙaurace mini. Na yi makonni ina kwana ido biyu, sai na fara jin muryoyi suna kiran sunana, na fara zargin abokan ɗakina da sa mini wani abu a shayi, har wata rana tsakar dare na fita tsakar gida ina ihu. Yayana ne ya zo daga Mile 12 ya kai ni asibiti, inda na kwanta mako bakwai. Likitoci da nas-nas sun yi mini abin da ba zan iya biyansu ba, Allah ya saka musu. Amma ranar da aka sallame ni na koma gida, sai na tarar da jakata da tabarmata a ƙarƙashin matakala, mai gidan ya ce ba ya son a ƙona masa gida, abokan ɗakin kuma sun riga sun sa wani a wurina. Yayana yana da mata da yara biyar a ɗaki ɗaya. Na kwana ashirin da uku a barandar masallaci, ledar maganina a cikin aljihu saboda kada ruwa ya jiƙa ta, kuma a cikin kwanakin nan sau biyu na yi niyyar zubar da maganin a kwata, domin na ga mutumin da ba shi da wurin sa haƙarƙarinsa ba shi da dalilin tashi da safe ya haɗiyi ƙwaya.

Wanda ya tsamo ni daga wannan hali irin mutumin da aka yi wa dariya ne a shirinku. Wani dattijo ne mai gadi, na haɗu da shi a layin ganin likita. Ya dubi yadda hannuna yake rawa, ya ga wuyana ya sanƙare, sai ya matso ya ce mini da Hausa: "Ɗana, wannan ba ciwon ba ne ya dawo, maganin ne, ni ma ya yi mini haka, in mun shiga ka faɗa wa likita zai gyara maka." Na yi wata guda ina ɓoye wannan rawar hannu saboda tsoron kada a sake kwantar da ni, ga shi Turancina da Yarabancina ba su isa in yi bayani ba. Ya shiga tare da ni, ya yi mini tafinta, likita ya ƙara mini wani magani, cikin 'yan kwanaki hannuna ya lafa. Shi ne ya koya mini in sha mai sa barcin da dare bayan Isha'i kamar yadda likita ya rubuta, shi ne yake bugo mini waya ana gobe ranar asibiti, kuma shi ne ya ɗauke ni muka je wurin ejan, ya tsaya mini a matsayin garanto da katin wurin aikinsa, ya roƙi liman ya yi wa mai gidan magana, har na samu ɗakin da nake ciki yau. Ya yi shekara goma sha ɗaya yana shan magani, ya aurar da 'ya'ya biyu, bai taɓa fashin aiki saboda ciwon ba. Idan wannan shi ne rangwame, to ina roƙon Allah ya ba duk mara lafiya irinsa.

Malam Edita, abin da ya fi yi mini ciwo shi ne mai gabatar da shirin ya yi magana kamar wannan aiki shirme ne na mutanen da ba su san abin da suke yi ba, alhali a Ingila hukumar lafiya ta ƙasa tana bai wa waɗanda suka taɓa yin wannan ciwo aiki, a horar da su, a biya su albashi, su zauna cikin tawagar likitoci da nas-nas, haka nan a jihohi da dama na Amurka. Babu wanda ya ce su rubuta magani ko su maye gurbin likita. Aikinsu shi ne abin da likita ba shi da lokacinsa: raka mutum, sauraronsa, lura da alamar dawowar ciwo tun kafin ya yi ƙarfi, taya shi riƙe ɗakinsa da sana'arsa. A ƙasarmu da likitocin ƙwaƙwalwa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutum sama da miliyan 200, likita zai gan ka na 'yan mintuna a wata, sauran kwanakin kuwa kana unguwa ne tare da mai gida da maƙwabta da 'yan majalisa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ya kwana da muryoyi a kunnensa ya fi kowa sanin ƙarfe nawa na dare suke tasowa.

Kuma wannan tunani na jinya a cikin jama'a ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A 1954, a Aro kusa da Abeokuta, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin da marasa lafiya suke zama a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowane tare da wani danginsa, ana biyan masu gidajen kuɗin haya, da rana su je asibiti a duba su, da yamma su koma cikin mutane su ci abinci su yi hira. Manoman Aro sun buɗe ƙofofinsu ga masu taɓin hankali shekara saba'in da suka wuce, duniya ta zo ta yi koyi da su, amma yau a Legas da zarar ejan ya ji an ambaci Yaba, unguwar da asibitin masu taɓin hankali yake, sai ya ce ɗakin an riga an kama. Ga dokar haya ta jihar Legas ta 2011 da ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanni, amma na ga da idona an nemi wani yaro ya biya na shekara biyu don kawai an san ya taɓa kwanciya a asibiti. Ga kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958 kuma ta hana nuna wa masu wannan lalura wariya. Da shirinku ya yi wa jama'a bayanin waɗannan, da ya amfane mu.

Yanzu ni ma ina yin abin da aka yi mini. Duk Lahadi bayan La'asar muna haɗuwa a bayan wani shagon tela, mu tambayi juna barci da magani da kuɗin haya, mu tara abin da ya sawwaƙa don kuɗin motar wanda ranar asibitinsa ta zo. A cikinmu akwai wani matashi da aka ɗaure da mari wata takwas a garinsu kafin a kawo shi nan, tabon yana nan a ƙafarsa, kuma duk wanda ya tuna ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka fito da su daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019 ya san ba ƙari nake yi ba. Wata uku muka yi muna lallashinsa kafin ya yarda ya riƙa zama da mu. Yana kan bencin nan a daren Alhamis. Ranar Lahadi bai zo ba, da na je ɗakinsa ya ce mini tunda an faɗa a rediyo cewa ba a warkewa, me zai sa ya ci gaba da wahalar da kansa. Sai da muka kwana biyu muna zarya da dattijon nan kafin ya sake karɓar maganinsa.

Tunda na riga na rubuto, bari in ƙara da cewa tallar mai maganin gargajiyar da kuke sawa a tsakiyar wannan shiri, wanda yake cewa kwalba ɗaya tana maganin hawan jini da ciwon suga da basur da aljanu, bai dace ta fito a shirin da likita yake zaune ba, domin masu sauraro suna ɗauka da yawunsa ake yin ta.

Abin da nake nema shi ne mai gabatar da shirin ya janye maganarsa a kan iska, a daidai lokacin da ya yi ta, kuma ku nemo lambar bawan Allahn da aka katse ku ba shi dama ya ƙarasa abin da ya fara faɗa. Idan ba a same shi ba, ni da dattijon da na ambata a shirye muke a kira mu a waya, tare da likita a gefe ya gyara mana inda muka yi kuskure. Ranar Alhamis mai zuwa za mu zauna a kan bencin da rediyo, kuma na yi wa matashin nan alkawari zan je in taho da shi.

Wassalam,
Mai sauraronku daga Agege, Legas