Koke Ga Mai Martaba Sarkin Zazzau Kan Tsaron Matan Da Ke Tsaya Wa Mata

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau, Shugaban Majalisar Sarakunan Jihar Kaduna.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu ne ungozomomi, malaman Islamiyya, ma'aikatan jinya da lauyoyi mata da ke raka waɗanda aka ci zarafinsu zuwa asibiti da gaban hukuma a yankunan Giwa, Igabi da kewaye. Kukanmu shi ne, a wuraren da 'yan bindiga suka addaba, mai rakiya ta zama abin farauta kamar wadda ta rako, kuma mai yi mata barazana yana yawonsa hankali kwance.

Doka kam akwai ta. Jihar Kaduna ta yi dokar hana cin zarafin mutane a 2018, ta kuma tsananta hukuncin fyaɗe a 2020. Akwai Cibiyoyin Salama, inda ake kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, a asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, da Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da Gambo Sawaba a Zariya, da kuma Kafanchan. Matsalar tana tsakanin ƙauye da ƙofar waɗannan wuraren.

Ranka ya daɗe, maganin da ke kare wadda aka yi wa fyaɗe daga cuta mai karya garkuwar jiki dole a fara shi cikin awa 72, a sha har kwana 28. Na hana ɗaukar ciki kuma dole a sha shi cikin kwana biyar. Ana so a kai ta kafin ta yi wanka, a naɗe tufafinta cikin takarda, domin leda tana riƙe danshi ta lalata shaida. To idan hanya ba ta biyuwa bayan la'asar, mai babur kuma ya ƙi ɗaukar su don gudun a ce da shi aka kai ƙara, kwana uku sun tafi. Mai rakiyar da ta yi ƙarfin hali ta fita da asuba, gari duka ya ga fitarta.

Daga nan ne sunanta ke fita. Ana rubuta unguwarta da lambar wayarta a takardar bayani, takardar kuma ta bi hannu da yawa. A ba wanda ake zargi beli ba a sanar da ita ba, sai dai ta gan shi a kasuwa. Mafi muni shi ne a raɗa cewa ita ce ke kai wa jami'an tsaro rahoto, ko a juya a ce 'yan daji take yi wa leƙen asiri. A ƙauyen da ke bakin daji, wannan raɗar kaɗai ta isa ta kashe mutum, kuma mai ƙirƙirar ta ya san haka.

Sai batun sulhu. Ba mu raina shi ba, da shi ake kashe rikicin gona da na aure. Amma fyaɗe da barazanar kisa laifi ne da hukuma ke tuhuma, mai unguwa ba shi da hurumin rufe su da kuɗin magani da ban haƙuri. Duk zaman da aka tashi a haka, mai rakiya ce ake bari da sunan mai tona asirin gari, har a je wa mijinta a ce ya ja mata kunne.

Don haka muke roƙon Mai Martaba ya ba hakimai, dagatai da masu unguwanni umarni a rubuce cewa irin waɗannan laifuka ba a sasanta su a zaure, a miƙa su ga 'yan sanda a ranar da aka ji. Muna kuma roƙon kowace fadar hakimi ta ware mutum ɗaya amintacce da littafi guda, inda za a rubuta ranar barazana, yadda ta zo, ko ta waya ko ta ɗan aike, da matakin da aka ɗauka. A sa lamba a madadin sunan mai ƙorafi, sunan ya tsaya wurin hakimi shi kaɗai. Duk wata uku a kawo littafin zuwa fadar Sarki. Barazanar da ba a rubuta ba, ranar shari'a cewa za a yi ba a yi ta ba.

A taimaka a yi magana da shugabannin ƙananan hukumomi su tanadi mota da mai, da rakiyar jami'ai, domin kai mara lafiya Cibiyar Salama cikin kwana ɗaya. A nemi jami'in da ke bincike ya sanar da mai ƙara da mai rakiya kafin a saki wanda ake zargi. Idan hali ya yi tsanani, a samar mata masauki na ɗan lokaci a gidan wani mai sarauta a wata gunduma, inda ba mai iya biyo ta.

Limamai da fastoci kuma kalmar Sarki suke jira. Idan aka faɗa a huɗuba da coci cewa raka wadda aka zalunta asibiti aikin lada ne, bakin masu raɗa zai mutu.

A shirye muke mu gurfana a fada duk ranar da aka sa mana, mu gabatar da bayanan da ba za su rubutu a nan ba. Sunayenmu da sa hannunmu suna cikin ambulan na daban, muna roƙon kada ya wuce hannun sakataren fada.

Allah ya taimaki Sarki.