Zanen Dior ya hana ni barci

Ƙawalli,

Gaisuwa mai yawa, ya sanyin Faris? Shirun nan ya yi yawa, kuma kin san ke kika fara shi.

Littafin zane-zanen Christian Dior, shahararren mai tsara kayan sawa na Faransa, da kika aiko ta hannun Yaya ya iso tun kafin azumi, har yau yana kan keken ɗinkina. Wallahi 'yan layuka kawai mutumin nan yake ja da fensir, fuskar ma ba ya damuwa da ita, amma kina ganin yadda siket zai kaɗa idan mace ta juya. Ashe da sayar da zane ya fara neman abinci a 1935, tun kafin ya buɗe gidan ɗinkinsa a 1946. Abin da ya fi kama ni, zanen yake miƙa wa manyan telolinsa, su fitar da shi a farin yadi mai araha, ya duba ya gyara, sannan a taɓa mai tsada.

Haka na yi wa amaryar gidan Gwaggo. Na zana mata rigar nan tasa mai matse ƙugu ta buɗe a kwankwaso, na yanka a alawayyo, na gyara sau biyu, sannan na sa almakashi a atamfarta. Ta zauna mata ɗas! Ranar kamu mata uku suka karɓi lambata. Na dawo gida har da ƙwalla, don kin san shekarun da na yi ina neman wannan kafaɗar.

Af, autarmu ta sauka, namiji. Mutuminki kuwa har yanzu yana tambayarki, ki ci gaba da yin kamar ba ki ji ba.

A siket ɗin amaryar ne ban bi Dior ba. Kayan da ya nuna ranar 12 ga Fabrairu 1947, wasu sun ci yadi 20, sama da turmi uku kenan, alhali ba a daɗe da gama yaƙin duniya na biyu ba, yadi na wuya. Wa zai ba ni turmi uku a wannan tsadar? Da ɗaya na yi, na ƙara tattara a ƙugu.

Don Allah ki je gidan ɗinkinsa, lamba 30 a titin Montaigne, akwai wurin baje kayansa a jiki. Ki ɗauko mini hoton bayan rigar, kusa-kusa, in ga inda ɗinkin ƙugun ya bi. Ki gaida mai gidan.

Taki har kullum.