A riƙa wanke lagireto kafin zafin bazara ya kama

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana direbobi kan abin da muke rainawa har sai ya tsayar da mu a daji, wato ruwan lagireto.

Ni direban haya ne, layin Kano zuwa Potiskum nake yi. A bazarar bara, da tsakar rana, tsakanin Shuwarin da Azare, na ga allurar zafi ta kai ja. Na tsaya, na sayi ledojin fiya wata na ɗura, na ci gaba. Ba mu yi nisa ba tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet. Haka fasinjojina suka yini a gindin bishiya, har da wata mai goyo da jaririnta ke ta kuka saboda zafi. Wannan kukan har yau yana kunnena.

Da aka ja motar zuwa gareji, bakanike ya zaro sandar gwajin baƙin mai ya nuna mini, man ya koma kamar shayi mai madara. Ya ce, "Direba, gaskit ya ƙone." Wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, mai hana ruwa da mai haɗuwa. Da ya cire tiyon ƙasa na lagireto, abin da ya zubo ba ya kama da ruwa. Jan laka ne mai kauri, irin na kududdufi, da ɓarɓashin tsatsa, da wani abu mai danƙo. Na gane shi. Garin kwaki ne da na taɓa zubawa don toshe yoyo, bisa shawarar wani abokin aiki a tasha. Shekara uku motar tana hannuna, kullum ƙara ruwa nake yi, ban taɓa zubar da tsohon ba. Gyaran ya cinye mini cinikin fiye da sati biyu.

Malam Edita, hanyoyin da ruwa ke bi cikin lagireto sirara ne ƙwarai. Ruwan rijiya da na burtsatse da muke ɗurawa yana barin farin ɓawo, irin wanda ake gani a cikin butar dafa shayi, kuma ruwa zalla yana sa cikin inji tsatsa. Dattin nan shi ke toshe hanyoyin ɗaya bayan ɗaya. Daga waje kuma ƙurar hunturu da ƙwari sun like ragar lagireto, iska ba ta ratsawa. Sai Afrilu ya zo da zafin da ke haura digiri 40, ga lodi, ga doguwar hanya. Ina motar za ta sa kanta?

Wankin kuwa ba wuya gare shi ba. Sharaɗin farko, inji ya huce sarai. Gara a yi da sassafe kafin a tayar da mota. Duk wanda ya buɗe murfin lagireto da zafinsa, tafasasshen ruwa zai watso masa a fuska, na ga yaron mota da wannan tabon. Sai a tara roba a ƙasa, a buɗe murfi, a kwance matoshin da ke gindin lagireto, in motar ba ta da shi a cire tiyon ƙasa. Idan ya tsiyaye a mayar, a cika da ruwa mai tsabta, a kunna hita har ƙarshe don ruwa ya zaga ko'ina, a bar inji yana aiki kamar minti goma zuwa sha biyar. A kashe, a jira ya huce, a sake zubarwa. Haka za a yi ta yi har abin da ke fitowa ya zama garau. Tawa, da aka gama gyara, sai da aka yi sau huɗu. A ciro robar ajiyar ruwa ma a wanke, domin laka na kwanciya a gindinta. Ragar waje a wanke ta a hankali, ruwa mai ƙarfi na wajen wankin mota yana lanƙwasa ta.

Daga nan a zuba kulan, wato ruwan sanyaya inji da ake sayarwa, irin wanda ya dace da motar. In mai kauri ne, a haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa, ba na rijiya ba. Wasu na cewa kulan na ƙasashen sanyi ne, mu nan me za mu yi da shi? Ai ba daskarewa kaɗai yake hanawa ba, yana hana tsatsa, yana kuma jinkirta tafasa. A bar inji yana aiki murfi a buɗe har kumfar iska ta gama fita, washegari a duba a cike gurbi.

Akwai abin da ke damuna game da wasu kanikawanmu. Da ka ce mota na zafi, sai su cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya yi zafi, su jefar, su ce ba a yi shi don Najeriya ba. Dattin yana nan a ciki, ba a taɓa shi ba, injin kuma ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya riƙa shan mai. In ya lalace a sa sabo, a kuma duba murfin lagireto, domin idan robarsa ta mutu ruwa na saurin tafasa.

Don Allah kada a zubar da tsohon kulan a ƙasa ko a kwata. Yana da zaƙi-zaƙi amma guba ne, awaki da karnuka na lasa, yara kuma na wasa a bakin gareji.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu ta NURTW da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC da su sa wannan batu cikin faɗakarwar da suke yi a tashoshi, musamman a watan Fabrairu, tun kafin zafi ya kankama.

Naka,
Wani direban haya,
Kano.