Dakashi ba dauɗa ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku kan zawon yara a damina, na gode ƙwarai. Sai dai kun yi ta ambaton garkuwar jiki ba ku faɗi inda jariri ke samo tasa ba, kuma nan ne muke asara a Damagaram.

Hanjin babba yana da masu gadi. Tsamin tumbi na kashe ƙwayoyin cuta da yawa, majinar da ta lulluɓe bangon hanji na tare wasu, sannan jiki na zuba wani sinadarin kariya da likitoci ke kira IgA. Shi yakan liƙe wa ƙwayar kwalara ko ta atuni, ya hana ta kama bango har ta fita da bayan gida. Jariri sabon haihuwa bai fara yin nasa sosai ba, sai aro daga uwa, kuma babu inda ya fi yawa kamar cikin dakashi, wato nonon farko da ke zuwa bayan haihuwa. Abin da ya fi taɓa zuciyata, jikin uwa yana yin sa ne daidai da ƙwayoyin da ita ta haɗu da su, na randarmu, na ruwan 'yan ga-ruwan da muke saye in famfo ya ɗauke. Kariya ce da aka ɗinka wa ɗan gidan.

Da na haifi ɗan farina, ina kallo aka tatse wannan dakashi mai kauri, mai launin ruwan ɗorawa, a ƙoƙo, aka zubar bayan ɗaki, wai ya lalace. Kwana uku ana ɗura masa ruwan jiƙo da cokali. Kafin arba'in zawo ya kama shi, maɗigarsa ta faɗa, idanu suka zurma. Allah ya yi da sauran kwanansa. Iya da ta yi haka don ƙauna ta yi, ita ma haka ta gada.

Ina roƙo ku ware shiri guda ku gayyato ungozoma da kakanni, don su ke da iko a ɗakin mai jego. A faɗa musu a sa jariri a nono cikin awa 1 da haihuwa, nono zalla har wata 6, ko ruwa ban da shi duk zafin bazara. In zawo ya zo, a ci gaba da shayarwa, a ba da ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14. Kafson kan tebur kuwa har ƙwayoyi masu amfani na hanji yake kashewa. Da an ga jini a kashin yaro, a nufi likita ranar.

Mai sauraronku kullum,
Wata uwa daga unguwar Birni, Zinder