Masu Boila, Ku Dubi Ruwan da Kuke Zuba Mata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka don in yi magana da masu masana'antu da ke ta kafa tukunyar tururi, wadda ma'aikata ke kira boila, musamman masu injinan shinkafa da ke ƙona buntu da masu sukari da ke ƙona tuƙar rake. Tsadar dizal ta sa wasunsu sun fara tunanin haɗa mata injin tabain, mai fukafukan da tururi ke juyawa, su samar wa kansu lantarki. Dabara ce mai kyau. Sai dai idan an zauna lissafi, za ka ji ana ta batun murhu da bututun hayaƙi da janareto, ruwan da za a dafa kuwa sai a ce ai akwai rijiyar burtsatse. To, a nan gizo ke saƙar.

Tashar Egbin da ke Ikorodu a Jihar Legas, mai injuna 6 kowanne megawat 220, gas take ƙonawa. Ta kamfanin SONICHAR da ke Anu Araren a jihar Agadas kwal take ƙonawa. Aikin dai ɗaya ne da na ƙaramar boilar injin shinkafa: a dafa ruwa, tururi ya yi aiki, a sanyaya shi ya koma ruwa, a mayar tukunya. Matsi da zafi ne suka bambanta. A tukunyar tuwo ruwa na tafasa a digiri 100. A boila mai matsin bar 10 (bar ɗaya kusan matsin iskar da muke shaƙa ne) sai ya kai digiri 184, a bar 100 kuwa sai wajen 311, kuma manyan tashoshi kan ƙara gasa tururin har kusan digiri 540 kafin ya shiga tabain. Yadda matsi ke hawa, haka tsabtar da ake bukata a ruwa ke hawa.

Leƙa cikin tsohuwar butar mai shayi, za ka ga wani farin ɓawo ya manne a gindi kamar ƙanzo. Gishirin kalsiyam da magniziyam ne da ke narke a ruwan rijiya. Ruwa ya tashi tururi, su sun zauna. Boilar da ke dafa tan 10 a awa tana tara wannan ƙanzo ba dare ba rana. Harshen wutar murhu ya haura digiri 1,000, kuma ba abin da ke hana ƙarfen bututu lalacewa sai ruwan da ke cikinsa yana kwashe zafin. Ƙanzo kuwa bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na ƙarfe ba wajen barin zafi ya wuce. Kaurin milimita ɗaya kacal yana cinye kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na makamashi, idan na siliki ne ma, wato sinadarin yashi da ke narke a ruwa, ya ninka haka. Asarar makamashin ce ƙaramar. Babbar ita ce ƙarfen ya zauna a sama da digiri 450, ya fara saki a hankali, ya kumbura kamar maruru a gefen da ke fuskantar wuta, wata rana ya tsage. Alamar tana zuwa da wuri ga mai rubuta awon boila kullum: zafin hayaƙin da ke fita yana ƙaruwa mako bayan mako alhali lodi, wato yawan tururin da ake ja, bai canza ba. Duk ƙarin digiri 20 zuwa 22 asarar kusan kashi ɗaya ce. A share toka daga bayan bututai, idan zafin bai sauko ba, ciwon a ciki yake.

Maganin ƙaramar boila shi ne tankin tausasa ruwa mai ƙwayoyin rezin, irin na roba, da ke kama kalsiyam da magniziyam, wanda ake farfaɗowa da ruwan gishiri. Sau da yawa tankin yana nan tsaye, fenti sabo, amma gishiri ya ƙare tun watan jiya. Gwajin taurin ruwa da maganin ɗigawa ba ya cin minti biyar, kuma kullum ake yin sa. Amma a sani, wannan tanki ba ya cire siliki. Wanda zai haɗa tabain, dole ya wuce wannan matakin. Daga wajen bar 40 zuwa sama siliki yana bin tururi ya tafi, ya daskare a fukafukan tabain kamar gilashi, ƙarfin injin ya ragu, karkarwa ta ƙaru. Abin da ake yarda da shi a tururi bai wuce miligiram 0.02 a kilo ɗaya ba. Don haka sai injin tace ruwa na RO, irin na masu fiya wata, sannan tankunan cire ragowar gishiri a bayansa.

Sai iskar oksijin. Ruwan sanyi na ɗauke da miligiram 8 zuwa 9 a kowace lita. Ba ta cin ƙarfe bai ɗaya, huda take yi wuri-wuri kamar ƙwaro a wake, bututu na nan da kaurinsa amma yana yoyo. Zafi ne ke korar ta. Ƙaramar masana'anta ta riƙe tankin ruwan shiga a digiri 85 zuwa 90, manya kuwa suna da tankin korar iska da ke aiki a wajen digiri 105, ya sauko da ita zuwa miligiram 0.007 a lita. Ragowar sai a kashe da sodiyam salfait, kusan awo 8 ga kowane awo ɗaya na oksijin, a aikace a ɗan ƙara. Wani abu da magina kan manta: tankin ruwan zafi dole a ɗaga shi sama da famfo da 'yan mitoci, in ba haka ba ruwan zai tafasa a bakin famfon, ka ji shi yana ƙara kamar an zuba masa tsakuwa, farfelarsa ta cinye. Ma'aunin tsamin ruwa, wato pH, na ruwan cikin ƙaramar boila kuma a tsare shi tsakanin 10.5 da 12.

Ko an tausasa ruwa, narkakken gishiri na taruwa, sai an riƙa zubar da wani sashe na ruwan tukunya. Ba da ka ake yi ba. A ce ruwan shiga na da miligiram 250 a lita, iyakar da aka yarje wa tukunya 3,000, tururi tan 10 a awa. A raba 250 da 2,750, wato 3,000 a cire 250, a ninka da kilo 10,000, an sami kusan kilo 900 a awa. Idan aka dawo da rabin ruwan da tururi ya koma, gishirin shiga ya zama 125, zubarwar ta sauko zuwa kilo 435. Shi ya sa ganin wannan ruwa mai zafi, mai tsabta, yana malala a kwata yake da ciwo. In an yi sakaci gishiri ya wuce iyaka, saman ruwa ya yi kumfa, ɗigon ruwa ya bi tururi. Ruwa a layin tururi yana tafiya da gudu ya daki gwiwar bututu kamar guduma, a tabain kuwa yana karya fukafuki.

Duk waɗannan a hankali suke kisa. Mai kisan farat ɗaya shi ne ruwa ya yi ƙasa. Gilashin duba ruwa yana ƙarya idan ƙofofinsa suka toshe da laka, sai ya tsaya cak a tsakiya alhali tukunya na bushewa. Ruwan boila mai aiki kullum yana ɗan rawa a gilashi, wanda ba ya motsi abin zargi ne. Kowane mai karɓar aiki ya buɗe bawul ɗin ƙasan gilashin ya zubar, ya rufe, ya ga ruwa ya dawo da sauri. Na'urar kashe wuta idan ruwa ya yi ƙasa a gwada ta a kai a kai, kuma duk wanda ya ɗaure ta da waya don ƙararrawa ta dame shi bai dace da ɗakin boila ba. Akwai kuma yaudarar lodi. Idan aka ja tururi da yawa lokaci guda, matsi ya faɗi, kumfar tururi ta cikin ruwa ta buɗe, gilashi ya nuna ruwa ya hau a daidai lokacin da yake raguwa. Shi ya sa boilar tashar lantarki ba ta dogara da tsayin ruwa kaɗai, tana auna tururin da ke fita da ruwan da ke shiga, ta haɗa ukun. Idan kuwa ruwa ya ɓace daga gilashi ba a san tun yaushe ba, kada a kunna famfo. A kashe wuta, mai ƙona buntu ya tsayar da zuba buntun da fanka, a bar ta ta huce da kanta, a kira mai duba. Ruwan sanyi a kan jan ƙarfe shi ne fashewa.

Ga girman abin. Ruwa mai matsin bar 10 idan ya sami ƙofa, kashi 16 cikin ɗari nasa ke zama tururi nan take. Tukunya mai tan 5 za ta saki kilo 800, wanda ke neman fili fiye da mita kubik 1,300 cikin ƙiftawar ido. A 1905 boilar wata masana'antar takalma ta fashe a garin Brockton na Amurka ta kashe mutum 58, kuma irin waɗannan haɗurra ne suka haifar da ƙa'idojin ƙera boila na ƙungiyar injiniyoyi ta ASME.

Dokar Masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta wajabta bawul ɗin kariya da agogon matsi da gilashin ruwa a kowace boila, da duba ta lokaci-lokaci ta hannun jami'in da aka amince da shi. Ina kira ga masu duba na Ma'aikatar Ƙwadago, idan sun je, su nemi littafin gwajin ruwa na kullum, su sa a gwada na'urar kashe wuta a gabansu. Mai shirin sayen boila kuma, ya kai ruwan rijiyarsa ɗakin gwaji sau biyu, da rani da damina, ya miƙa wa mai sayarwa sakamakon kafin a yi ciniki.

Wassalam.

Naka,
Wani injiniyan boila,
Kano.