A duba tsofaffin katafila kafin a miƙa su ga 'yan gwangwan

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini, mu yi magana a kan tsofaffin katafila da ke jibge a yadin ma'aikatu da na 'yan kwangila a Kaduna da kewaye, ciyawa ta fito ta cikin sarƙarsu. Duk mai shiga Panteka ya san yadda ake kawo irinsu gunduwa-gunduwa, an yanka da wutar gas, ana ɗorawa a sikeli ana sayarwa a kuɗin ƙarfe. Wasu kam sun gama aiki, ba mu da ja. Amma da yawa abin da ya kwantar da su bai taka kara ya karya ba, kuma ga ƙauyuka na kukan hanyar burji da ƙananan madatsun ruwa na dabbobi. Bukatarmu ita ce kada a sa wata katafila a gwanjo sai wanda ya san ta ya duba ta.

Waɗanda muke magana a kansu yawanci na kamfanin Caterpillar ne na Amurka, wanda aka kafa a 1925 bayan haɗewar kamfanonin Holt da Best. A da Tractor & Equipment na rukunin UAC ne ke shigo da su ƙasar nan, yanzu kuma Mantrac ne wakilinsu. Samfurin D8H ta fito a 1958, aka yi ta ƙera ta har 1974, lokacin da D8K mai ƙarfin doki 300 ta gaje ta. Dukansu injin D342 mai silinda shida suke ɗauke da shi. D7G mai ƙarfin doki 200 da D6D mai 140 kuwa injin 3306 ne a cikinsu. Akwai kuma Komatsu D85 da D155 na Japan, da 'yan Fiat-Allis da suka rage. In za a bi ta tamu, D7G ce gaba: nauyinta kusan tan 20 ne, ba ta wahalar ɗauka a lobed, wato tirelar ɗaukar manyan injuna, kamar D8K da ta haura tan 30, tana iya sharar daji da tara marmara, ga shi kayan gyaran 3306 ba su yanke a kasuwa ba, domin an sa injin a janareto da gireda da wasu injuna barkatai. Babban abin da ya haɗa su duka shi ne babu kwamfuta a jikinsu. Famfon mai na ƙarfe ne, gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun inji, ta sifirin ce, makanike mai sifana da kunne yana iya gano ciwonta a tsakiyar daji.

Mai duba katafila ya fara da ƙasa, ya bar injin sai daga baya. Ƙafafun katafila, wato sarƙa da rololi da aidila ta gaba da sufuroket mai haƙora ta baya, su ne ke cinye kusan rabin kuɗin gyara a tsawon rayuwarta. Injin da ke tashi da bugu ɗaya a kan ƙafafun da suka ƙare ba riba ba ne. Ana auna miƙewar sarƙa ne da tef. A sa ƙarfe tsakanin haƙorin sufuroket da sarƙa, a ja baya kaɗan har sarƙar ta ɗaure, sannan a auna daga tsakiyar fin ɗaya zuwa na biyar, wato gaɓa huɗu ke nan, a kauce wa fin ɗin da ake kwance sarƙar da shi. A sabuwar sarƙar D6D gaɓa ɗaya inci 8 ce, ta D7G inci 8 da rabi, ta D8K inci 9, saboda haka gaɓa huɗu za su ba da inci 32 ko 34 ko 36. Duk abin da ya haura wannan, cin da fin da bushin, wato bututun ƙarfen da fin ke cikinsa, suka yi wa juna ne daga ciki. In cin bai yi nisa ba, ana fitar da fin da bushin a injin matsi, a juya su rabin zagaye a mayar, ɓangaren da bai ci ba ya koma bakin aiki. In aka yi sakaci har bushin ya huje, damar ta wuce, sai sabuwar sarƙa. Haƙoran sufuroket da suka yi tsini alama ce sun daɗe suna gogayya da miƙaƙƙiyar sarƙa, kuma sa sabuwar sarƙa a kansu asarar kuɗi ce. Tare ake canza su. Farantan sarƙa da tudunsu ya shafe ba a zubar da su, mai walda yana ɗora musu sabon sandan ƙarfe da rodi 7018.

Ɗaurin sarƙa ma akwai inda ake yawan kuskure. Da giris ake ɗaure ta, ta wani bawul da ke tura aidila gaba. A ɗora miƙaƙƙen katako daga aidila zuwa rolar sama, a auna lotsawar sarƙar a tsakiya; inci ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa ga yawancin waɗannan, amma littafin kowace shi ne alƙali. A yi awon a inda take aiki, da taɓon da ke jikinta, domin laka in ta cushe a haƙora tana ƙara ɗaure sarƙar, shi ya sa ɗaurin rani ba ya yi wa damina. Sarƙar da ta ɗaure fiye da kima tana cin bushin da sauri, mai sako-sako kuma ta zame a gefen tudu. Wajen sassautawa, juyi ɗaya kawai ake wa bawul ɗin, kuma ba a leƙa shi da ido, saboda giris ɗin yana cikin matsi mai ƙarfin da zai iya harba bawul ɗin ya kashe mutum. Sarƙar ake kallo a ga ko ta saki.

Daga nan sai giyar ƙarshe da ke bayan sufuroket. A kwance filogin ƙasa a tari man a roba mai tsabta. Ɗan garin ƙarfe mai laushi ba abin tsoro ba ne, amma in aka ga ɓarɓashi da ake iya ɗauka da yatsa, to boris (bearing) ko haƙorin giya ya fara fashewa. Mai da ke tsiyaya ta bayan sufuroket yana nufin zoben ƙarfen da ke tare mai ya ci, sau da yawa saboda waya ko igiya ta nannaɗe a wurin lokacin sharar daji. Gyaran na bukatar kwance sarƙa da ciro sufuroket da fula ta haidirolik, aiki ne na kwana biyu ko uku, amma bai kai a yanka katafila ba. Man da ya dace da giya da kulocin sitiyari shi ne mai alamar TO-4. Masu zuba man giyar mota a wurin saboda araha su ne ke sa kuloci santsi da birki ƙin kamawa.

Injin da ya shekara biyar a kwance ba a haɗa masa batir haka kawai a buga. Da farko a duba bakin salansa: in an bar shi a buɗe damina bayan damina, ruwa ya shiga silinda, kuma bugu ɗaya ya isa ya lanƙwasa rodin fistan. A ciro nozul, a zuba ɗan baƙin mai a kowace silinda, a bar shi ya kwana biyu, sannan a juya injin da hannu da dogon ƙarfe har zagaye biyu cikakku. A buɗe murfin gefen famfon mai a tabbatar sandan da ke ƙara mai da rage shi yana motsi ba cijewa. In ya maƙale a buɗe, injin zai tashi ya yi ta gudu ba mai tsayar da shi har ya tarwatse. Don haka ko an duba, wani ya tsaya da faffaɗan katako kusa da bakin shaƙar iska, ya toshe in abu ya ɓaci. Baƙin mai da ya koma fari-fari yana nuna ruwa ya shiga, galibi ta robar ƙasan laina, wato bututun da fistan ke kai-komo a ciki, ko ta mai sanyaya mai. Wannan ciwon kuwa ruwan rijiya ko na rafi da ake ɗurawa a lagireto ba tare da maganin tsatsa ba ne ke kawo shi, yana huda laina a hankali daga waje.

Tsofaffin D8H da D7 da D6 na farko suna da ɗan ƙaramin injin fetur mai silinda biyu da ke tayar da babban, kuma samarin makanikai da yawa ba su taɓa ganin yadda ake yi ba, sai su ce katafilar ta mutu. Ga yadda ake yi. Giya a furi, totur ɗin gas a rufe, libar sakin matsi a wajen tayarwa. A buɗe famfon fetur, a ja cok, a kunna magineto, a tayar da ƙaramin. A bar shi ya ɗumama, domin ruwansu ɗaya da babban injin, hayaƙinsa kuma yana gasa bututun iskar babban. Sai a shigar da finiyo, wato ƙaramar giyar da ke haɗa ƙaramin inji da babban, a kama kulocinsa, babban injin ya fara juyawa ba matsi har allurar mai ta tashi. A mayar da libar wajen aiki, a bar shi ya yi ta juyawa da matsi ya yi zafi, sannan a buɗe totur. Da ya kama, finiyo zai fita da kansa. Abu na ƙarshe shi ne wanda ake mantawa: a rufe famfon fetur a bar ƙaramin ya shanye na cikin kafireta ya mutu da kansa. In aka kashe shi da makunni fetur na buɗe, girgizar aiki tana sa fetur ya gangara cikin baƙin mansa ya tsinka shi, kuma haka akasarinsu suka ƙone.

Ƙurar hunturu da gurɓataccen gas su ne sauran maƙiyan. Kofin da ke saman bututun iska a zubar da ƙurar da ke cikinsa kullum. Filtar iska ta waje a hure ta daga ciki zuwa waje da iskar da ba ta wuce awo 30 na psi a gejin kwamfireso ba, kada a buga ta a jikin sarƙa. Ta ciki kuwa ba a hure ta, canzawa ake yi. A cika tanki da yamma bayan tashi daga aiki don kada raɓa ta taru a ciki, da safe a buɗe famfon ƙasan tanki a zubar da ruwa da dauɗa kafin a tayar. Baƙin mai da filtarsa duk awa 250. Katafila mai tabo (turbo) kuma a bar ta tana sululu minti biyar kafin a kashe.

Ƙarfen ma da sauƙi a kan ilimin tuƙin, wanda ke hannun dattawan da suka yi aiki a zamanin da ake gina matatar man Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, da manyan madatsun ruwa irin su Tiga da Bakolori. Katafilar wancan zamani da liba biyu da birki biyu ake juya ta: ka ja libar hagu, kulocin hagu ya saki, ta karkata hagu, ka ƙara da birki in kana son juyi mai kaifi. Amma a gangare, in kaya na tura ta daga baya, abin yana juyewa, domin ɓangaren da ka saki shi zai fi gudu, sai ka ja hagu ta nufi dama. Wanda ba a gaya wa wannan ba, a bakin rami zai koya. Haka gwanin ofareta yake tura ƙasa a cikin kwari ɗaya don gefe da gefe su riƙe masa kaya, ba ya barin sarƙa na ƙwaƙular ƙasa a banza, ba ya gudu da baya saboda ribas ya fi cin bushin, kuma yana juya wuƙar garma kafin ci ya kai jikin garmar. Yawancin waɗannan tsofaffin ba su da rumfar ƙarfe mai kare direba in sun kife ko reshe ya faɗo, saboda haka duk wadda aka farfaɗo da ita a sa mata kafin ta shiga daji. Tiyon haidirolik da ake zargin ya huje kuwa da kwali ake laluben sa, ba da tafin hannu ba, don man yana huda fata.

Wadda ta cancanci wutar gas ita ce wadda gidan giyarta na baya ya tsage, ko firam ya karye aka yi ta faci a kan faci, ko injin ya fasa bulo alhali ƙafafu ma sun ƙare. Ko ita ɗin a ciro famfon mai da kan silinda da tabo da rifa, wato haƙoran baya masu fasa ƙasa, da garma tukuna, domin katafila uku matattu iri ɗaya sukan tayar da ɗaya mai rai. Lambar da ke jikin farantin baya ita ce ke nuna waɗanda kayansu ke shiga juna, kamar 46A a D8H, 77V a D8K, 92V a D7G, don haka a rubuta ta kafin komai.

Muna kira ga gwamnatin jiha da shugabannin ƙananan hukumomi su sa a ƙirga abin da ke yadinsu, a haɗa kwamitin duba da tsofaffin makanikai da ofaretoci a ciki, a rubuta awon sarƙa da halin injin kowace ɗaya kafin a sa mata farashi. Waɗanda ba za su koma fagen aiki ba amma suna tashi, a ba Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da makarantun koyon sana'a ɗaya-ɗaya, ɗalibai su kwance su ɗaure, a kuma ɗauki dattawan nan su koyar da tuƙin ana biyansu alawus.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Wassalam.

Daga wasu makanikai da ofaretocin manyan injuna,
Kakuri, Kaduna.